Na je Abuja kan maganarmu da Nijar

Takardar gayyatar ta iso wa 'yar ƙungiyarmu a watan Mayun 2025, ana sauran kwanaki ECOWAS, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, ta cika shekara 50. Taro ne na ƙungiyoyin farar hula daga ƙasashen Afirka ta Yamma da na yankin tafkin Chadi, za a zauna a Abuja a duba yadda za a riƙe zumuncin maƙwabta yanzu da gwamnatoci suka ja daga. Mu ba wata babbar ƙungiya ba ce. Malaman makaranta ne da 'yan kasuwa da direbobi, muna shiga tsakanin manoma da makiyaya a ƙauyukan hanyar Jibiya, wani lokaci kuma mu raka wanda aka riƙe wa kaya a kan iyaka. Da yake ni ne sakatare, ni aka ɗora wa tafiyar.

Na karɓa hannu bibbiyu, domin maganar ta shafe ni har cikin ɗaki. Mahaifiyata 'yar Maraɗi ce, kuma daga ƙofar gidanmu a Katsina, Maraɗi ta fi mini Kano kusa. Sarautar can ma har gobe Sarkin Katsinan Maraɗi ake ce mata, tun da zuriyar tsofaffin sarakunan Katsina suka yi arewa bayan jihadi suka zauna a wurin a farkon ƙarni na 19. Layin da ya raba mu Ingila da Faransa ne suka ja shi, suka yi ta gyara shi daga 1890 zuwa 1906, ba wanda ya tambayi kakanninmu. Yau iyakar ta kai kusan kilomita 1,500, ta bi ta Kebbi da Sakkwato da Zamfara da Katsina da Jigawa da Yobe da Borno.

Wanda bai zauna a bakin iyaka ba a watan Agustan 2023 ba zai san irin fargabar da muka kwana da ita ba. Ranar 26 ga Yuli sojoji suka kifar da shugaban Nijar Mohamed Bazoum. Ranar 30 shugabannin ECOWAS suka zauna a Abuja suka ba su wa'adin kwana bakwai, su mayar da shi kan kujera ko a yi amfani da ƙarfi. Aka rufe iyaka, Najeriya ta yanke wutar da take ba Nijar, wadda ita ce kusan kashi 70 cikin 100 na wutar ƙasar. Motocin kaya suka yi layi a Magama, kayan gwari suka ruɓe a cikinsu, direbobi suka ci kuɗin guzurinsu suka koma cin bashi. Ƙanwar mahaifiyata da ke can Nijar tana da ciwon suga, allurarta sai a firji. Dare ya yi ta bugo waya ta ce, "Ɗana, yau ma babu kuran, na sa maganin cikin randa, ban sani ba ko zai kai." A majalisunmu na ƙofar gida kuwa tambaya ɗaya ake yi: in an fara harbi, sojan da aka tura daga Katsina wa zai harba a Ɗan Isa, in ba ɗan goggonsa ba?

Da wannan a raina na kama hanya. Na bi ta Kano da Zariya, na hau jirgin ƙasa a Rigasa. Tun harin 28 ga Maris 2022 mutane ba sa shiga jirgin nan sai da addu'a a baki, kuma da muka doshi dajin Katari hira ta ragu a taragonmu har muka wuce. Ruwa ya riga ya zauna a kudancin Kaduna, ƙasa ta yi kore shar, manoma sun duƙa. A Katsina kuwa na baro mutane suna duban gabas. Na sauka a Kubwa, inda Kawu, wan mahaifiyata, yake jirana. Tun Abuja ba ta cika ba ya baro Maraɗi, yana harkar tumaki a kasuwar Dei-Dei, 'ya'yansa duk a nan aka haife su. Muna cikin mota ya ce, "Ɗan nan, wai taron sulhu ka zo? Allah ya sa a dace. Amma kada ka koma ba ka leƙo mu kasuwa ba."

A wani otal da ke cikin gari aka yi taron. Ɗaki ne mai sanyin na'ura, tebur a jere, kowa da ruwan roba da ƙaramin littafi a gabansa, da abin sawa a kunne don jin tafinta. Ingilishi da Faransanci ake yi. Akwai mutanen Ghana da Jamhuriyar Benin da Senegal da Laberiya da Chadi da Kamaru, da namu na gida daga Maiduguri da Jos da Sakkwato. Daga Nijar mutum biyu ne suka zo, wani malami daga Damagaram da wata Hajiya daga Maraɗi, ta mota suka biyo, kuma sun roƙi kada a rubuta sunan ƙungiyoyinsu a kan tebur.

Abin da ya fi tsaya mini a ranar farko jawabin wata dattijuwa ce daga Laberiya. Ba ta ɗaga murya ba, ba ta kuma duba takarda ba. Ta ba da labarin yadda a 2003, yaƙi ya cinye ƙasarsu, mata Kirista da Musulmi suka haɗa kai suka sa fararen kaya, suka zauna a filin da ke kusa da kasuwar kifi a Monrobiya, rana da ruwa, suna neman a daina. Da aka tafi tattaunawa a Akra 'yan tawaye da wakilan gwamnati suka yi ta jan ƙafa, sai matan suka bi su can, suka zauna a ƙofar zauren suka haɗa hannu, suka ce ba mai fita sai an yi magana ta gaskiya. Mai shiga tsakani a wannan zama Janar Abdulsalami Abubakar ne, namu na Minna. Ranar 18 ga Agusta aka sa hannu. Leymah Gbowee, wadda ta ja gaban matan, ta samu kyautar Nobel a 2011. Dattijuwar ta ƙara da wani abu da ya sa na gyara zama: ƙungiyar matan yankin kogin Mano, wadda ta haɗa matan Laberiya da Saliyo da Gini, a nan Abuja aka kafa ta a shekara ta 2000. Su ne suka yi ta safa da marwa tsakanin Charles Taylor na Laberiya da Lansana Conté na Gini da Ahmad Tejan Kabbah na Saliyo, shugabanni uku da ba sa ga maciji, har suka yarda suka zauna a Rabat ta Maroko a farkon 2002. Ina sauraron ta ina tuna matan kasuwar Jibiya, waɗanda rabin cinikinsu da matan Maraɗi ne, kuma ban taɓa ganin an kira ɗayansu wani zama ba.

Bayan ta, wani matashi ya yi bayanin aikin WANEP, gamayyar ƙungiyoyin gina zaman lafiya da aka kafa a 1998 saboda abin da aka gani a yaƙin Laberiya da Saliyo, mai hedikwata a Akra. Suna da masu sa ido a garuruwa da ƙauyuka, mutanen wurin ne, ba baƙi ba. In aka tare burtali, ko aka ga baƙin fuskoki da makamai, ko jita-jita ta fara yawo a kan wata ƙabila, su aika da rahoto, a tattara, a miƙa wa sashen gargaɗin farko na ECOWAS. Tsarin ya burge ni, domin duk rikicin da na taɓa shiga tsakaninsa, sai da ya ba da alama makonni kafin jini ya zuba. Abin da na tambaye shi a kai shi ne, in rahoton ya iso Abuja, wa ke tashi? Ya amsa mini da gaskiya cewa nan ne gizo ke saƙar: su nasu faɗa ne, aikatawa ta gwamnati ce.

Akwai kuma maganar kuɗi, wadda ta yi ta dawowa ko ba a kira ta ba. Mafi yawan ƙungiyoyin da ke ɗakin da tallafin Turai da Amurka suke numfashi, kuma a farkon 2025 gwamnatin Amurka ta dakatar da mafi yawan abin da take bayarwa ta hukumar USAID. Wata mata daga Jos ta ce sun shekara suna haɗa matasan unguwannin da suka rabu tun rikicin 2001 da na 2008, ana buga ƙwallo tare, ana zama da malamai da fastoci, sai dare ɗaya aka ce su rufe littafi. Ta ce yanzu a aljihunsu suke sayen ruwan da ake sha a zaman. Na ji zafin maganarta. Sulhu ba ya ƙarewa ranar da wa'adin tallafi ya ƙare, kuma abin kunya ne a ce attajiranmu da ke gina manyan gidaje a Maitama ba sa ganin wannan a matsayin wurin da za su sa dukiyarsu.

Da aka fita shan shayi na nufi mutanen Nijar. Muna gaisawa Hajiya ta tambayi unguwar su mahaifiyata, kafin shayi ya huce mun gano ta san gidan kakana. Muka ja kujeru gefe, muka ajiye abin kunne. Malamin Damagaram ya ce, "Malam, bari in gaya maka abin da ba zan faɗa a lasifika ba. Mutanenmu ba su manta ba. Yara sun yi jarrabawa a duhu, likita ta rasa magani, buhun shinkafa ya tashi. Talaka bai yi juyin mulki ba, amma shi aka hukunta. Kuma lokacin da Alpha Condé na Gini ya canja tsarin mulki a 2020 don ya zarce, wa ya ba shi kwana bakwai?" Ban da abin da zan ce masa, domin gaskiya ya faɗa. Sai Hajiya ta karɓe, muryarta ƙasa-ƙasa. Ta ce kada kuma in ɗauka can ɗin daɗi ake sha. An sallami sojojin Faransa a ƙarshen 2023, jama'a sun yi murna, amma bakin 'yan ƙungiyoyi ya ƙanƙance. Ta ambaci Moussa Tchangari, sanannen ɗan gwagwarmaya na Yamai, wanda aka kama a watan Disambar 2024. Ta ce ko zuwan nan da suka yi, sai da kowannensu ya yi shawara da iyalinsa.

Ni ba na son mulkin soja, na girma a ƙarƙashinsa na san ɗanɗanonsa. Ba na kuma yarda a yanke wa mai ciwo wuta don a matsa wa janar. Duka biyun nan na riƙe su, kuma ban ga dalilin da zai sa a tilasta mini in saki ɗaya ba.

Washegari da yamma na shiga tasi na bi ta AYA zuwa Asokoro, don in ga hedikwatar ECOWAS da idona. Na same ta a kan titin da aka sa wa sunan Yakubu Gowon, kuma sunan ya dace da wurin, domin shi da Gnassingbé Eyadéma na Togo suka zagaya ƙasashe suna lallashi har shugabanni 15 suka amince aka kafa ƙungiyar a Legas ranar 28 ga Mayun 1975. Na tsaya a tsallaken titi ina kallon ginin. A nan gefen duniya, babu wata takarda da ta amfani talaka kamar yarjejeniyar 1979, wadda ta ba ɗan kowace ƙasa damar shiga wata ya yi kwana 90 ba biza. Da ita Kawu ya zo, da ita mai shayin Zuba da mai gadin Gwarinpa da mai kilishin Area 1 suke zaune. Gowon ɗin nan kuma, da tsufansa, shi ya rubuta buɗaɗɗiyar wasiƙa a watan Fabrairun 2024 yana roƙon a ɗage takunkumi, a kuma roƙi Mali da Burkina Faso da Nijar su dawo cikin ƙungiyar. Ranar 24 ga watan aka ɗage, a watan Maris Najeriya ta buɗe iyaka ta mayar da wuta. Sai dai bakin alƙalami ya riga ya bushe. Mali da Burkina Faso da Nijar sun sanar da ficewa tun 28 ga Janairun 2024, bayan sun kafa tasu ƙungiyar ta ƙasashen Sahel, wato AES, a watan Satumban 2023, ficewar ta tabbata ranar 29 ga Janairun 2025. Ƙasashe 12 suka rage. ECOWAS ta ce a ci gaba da karɓar fasfo da katin shaidar mutanen ƙasashen uku har sai an sake magana, kuma a kan wannan "har sai" ɗin dubban gidaje suke rataye.

Akwai asarar da ba a cika ambata ba, ita ce ta kotu. Kotun ECOWAS a Abuja take, kuma tun 2005 mutum shi kaɗai yana iya kai ƙarar gwamnatinsa gabanta a kan tauye haƙƙi. Hadijatou Mani 'yar Nijar ce, an sayar da ita a 1996 tana da shekara 12, ta yi shekaru tana bauta a gidan wani mutum. Ƙungiyar Timidria ta Nijar da abokan aikinta suka tsaya mata, suka kai ƙara, ranar 27 ga Oktoban 2008 kotun ta ce gwamnatin Nijar ta kasa kare ta, ta biya ta saifa miliyan 10. Yarinyar ƙauye ta kayar da gwamnati, saboda wasu 'yan ƙungiya sun san hanyar wata ƙofa a ƙasar maƙwabta. Kotun ba ta da sanda, na sani. A watan Disambar 2023 ta ce a saki Bazoum, har lokacin tafiyata yana tsare. Duk da haka ƙofa ce, kuma ficewar ta rufe ta ga irin su Hadijatou.

Ranar Juma'a na yi salla a Babban Masallacin Ƙasa tare da malamin Damagaram. Bayan an sallame muka zauna a inuwa muna jira cunkoso ya ragu, hira ta kai mu kan waɗanda suka kashe wutar rikicin 2023. Tawagar farko ta ECOWAS, wadda Janar Abdulsalami da Mai Alfarma Sarkin Musulmi Muhammad Sa'ad Abubakar suke ciki, ba ta wuce filin jirgin Yamai ba. Majalisar Dattawan Najeriya ta ƙi goyon bayan yaƙi, sanatocin arewa suka fito fili suka ce a'a. Ranar 9 ga Agusta Khalifa Muhammadu Sanusi II ya shiga Yamai tare da Sarkin Damagaram, ya gana da Janar Abdourahamane Tiani, jagoran sojojin da suka karɓi mulki. Ranar 12 tawagar malamai ƙarƙashin Sheikh Abdullahi Bala Lau ta zauna da shi na sa'o'i, ta dawo da labarin cewa ƙofar tattaunawa a buɗe take. Mako guda bayan nan Abdulsalami ya koma, wannan karon ya ga Tiani, ya ga Bazoum. Malamin ya ce a Damagaram a lokacin kowane masallaci alƙunut ake yi, na ce haka Katsina. Waɗannan mutane ba su da rajistar ƙungiya mai zaman kanta, ba sa rubuta rahoton wata-wata, amma sun yi karatu a zaure ɗaya da malaman can, sun yi auratayya, almajiransu na tsallaka iyaka kowace rana. Da aka ce Najeriya da Nijar Ɗanjuma ne da Ɗanjummai, su ne suka nuna ba faɗar baki ba ce. Ko da Tiani ya fito a watan Disambar 2024 yana zargin Najeriya, da Hausa, cewa tana haɗa baki da Faransa, iska ta sake ɗaukar zafi, ba a daina kai amarya daga Jibiya zuwa Madarunfa ba. Sai a watan Afrilun 2025 ministan harkokin wajenmu na lokacin Yusuf Tuggar ya je Yamai.

Wannan na faɗa a zaman ƙarshe da aka ba ni lasifika. Na yi da Hausa, wani ɗan Sakkwato ya fassara. Na ce na ƙaru da taron, kuma ina girmama duk wanda ya ba da rayuwarsa ga wannan aiki. Amma na duba ɗakin ban ga sarkin kasuwa ba, ban ga shugaban direbobi ba, ban ga arɗo ba, ban ga limamin wani garin iyaka ba, alhali su ne waya ke fara samu in abu ya faru. Na roƙi zama na gaba a yi shi a Maigatari ranar Alhamis, ranar da kasuwa ke ci, ko a Illela, ko a Kamba, inda mutumin Konni ko Gaya zai iya zuwa ya koma gida ya kwana. Na ce tun 1998 ECOWAS take da ƙa'idar ƙetarawar makiyaya da takardar shaidar garke, amma a cikin makiyayan da nake zama da su kaɗan ne suka taɓa ganin takardar, kuma yanzu da Nijar ta fita ba wanda ya zo ya gaya musu matsayinsu. Wasu sun tafa. Wani jami'i ya ce akwai matsalar tsaro da ta masauki a waɗannan wurare, kuma ban ƙaryata shi ba, hanyar Jibiya ni ma da addu'a nake bin ta. Wata mata 'yar Ghana daga cikin masu shirya taron ta same ni bayan an tashi, ta ce tana son ta ga irin mutanen da nake nufi. Na ce ta shirya gobe da safe, ba nisa.

Dei-Dei ana sauran 'yan kwanaki Babbar Salla ba wurin da mutum zai tsaya yana tunani ba ne. Ruwan dare ya mayar da ƙasa caɓi, yara na jan raguna, masu dusa da harawa na kiran ciniki, motoci na sauke shanu daga Yobe da Adamawa. Sai dai Kawu ya nuna mini turaku da yawa babu komai. A watan Mayun 2025 gwamnatin Nijar ta hana fitar da dabbobi don farashin layya ya sauko a gida, kamar yadda ta hana fitar da hatsi a watan Oktoban 2024. Manyan ragunan da aka saba kawowa daga Maraɗi da Tawa da Damagaram ba su zo ba, farashi ya yi sama, masu saye na taɓa rago su ji kuɗi su saki.

Muna isa rumfar shugaban 'yan tumaki muka tarar da zama. Wani dillali matashi ne ya kawo ƙara. Tun da azumi ya tura wa wani abokin cinikinsa a wajen Tasawa kuɗi masu yawa, ya saya masa raguna ya kiwata, a kawo kafin Salla. Shi kuma ya riga ya karɓi kafin alƙalami daga hannun masu layya a Abuja. Ga doka ta faɗo, raguna suna can suna cin abinci, kuɗi sun nutse, masu layya suna buga masa waya. Kawu ne ya tsaya wa mutumin Tasawa tun farko, don haka shi ma maganar ta hau kansa. Aka shimfiɗa tabarma, shugaba a tsakiya, limamin kasuwa a damansa, aka kira mutumin a waya aka sa ta a fili aka ajiye a kan buhun dusa. Can ɓangaren ma ba shi kaɗai ba ne, yana tare da sarkin kasuwarsu. Gaisuwa kaɗai ta ɗauki lokaci, an tambayi ruwa, an tambayi iyali, an yi wa wani ta'aziyya, sannan aka shiga magana.

Matashin ya fara da zafi, ya ce shi kuɗinsa yake so yau. Muryar da ke cikin waya ta ce, "Wallahi ko dala ban ci ba, ga bisashe nan tsaye, in kuna so in ɗauki hoto." Wani daga baya ya ce a bi da su ta daji da dare mana, ai ana yi. Shugaba ya ɗaga hannu ya ce, "A'a. In 'yan duwan ba su kama ba, ɓarayin daji za su kama, mu rasa dabba mu rasa yaro. Ba da bakina ba." Aka yi ta ja ana sassautawa har aka tsaya a kan magana: a sayar da ragunan a kasuwar can kafin Salla, a dawo da uwar kuɗi kashi biyu ta hannun wani mai canji da ɓangarorin biyu suka yarda da shi, kuɗin dusa da na kiwo a raba biyu, in an samu riba ita ma a raba. Masu layyar Abuja kuma, 'yan rumfa za su haɗa wa matashin raguna daga na gida bashi, ya sallame su, ya biya bayan Salla. Kawu ya ce in mutumin Tasawa ya saɓa, a zo gare shi. Magatakarda ya rubuta a wani tsohon littafi mai baƙin bango, shaidu suka sa hannu, liman ya yi fatiha, aka ji na cikin waya ma suna amin. Ina fassara wa baƙuwata a hankali, ita kuma tana rubutu ba ta ɗaga kai ba. Ta tambaya ko irin wannan zama yana yawa. Kawu ya ce tun da aka sa dokar kusan kullum ne, kuma da asusun rumfar nan ake kai gawar ɗan Nijar gida in ya rasu a Abuja, da shi ake belin wanda aka kama ba takarda.

Da aka watse shugaba ya sa aka kawo mana fura, ya tambayi abin da aka yanke a taron namu. Na gaya masa ana kan rubuta takardar bayan taro, za a miƙa wa ECOWAS da gwamnatoci. Ya ce, "To Malam, tunda kana da alƙalami, ka sa mana namu. Ka ce shingayen hanya sun fi iyakar kanta cin mu, kowane shinge da kuɗinsa, kuma a kan mai saye ake fanshewa. Ka ce su ba mu mutum ɗaya a can, ɗaya a nan, wanda in mun kira zai ɗauka. Na uku, mu ba mu hana gwamnati yin dokarta ba, ta Yamai ko ta Abuja. Amma in za su sake rufe iyaka ko su hana fitar da kaya, su ba mu ko mako biyu, mu kwashe abin da ke kan hanya, mu biya mutane bashinsu."

Na rubuta yadda ya faɗa, na karanta masa ya ce haka ne. Baƙuwar ta ɗauki hoton shafin da wayarta, ta ce sai Litinin za a rufe takardar, in juya mata shi zuwa Ingilishi kafin dare. A ɗakin Kawu na zauna na yi, na tura mata bayan sallar isha'i, tare da lambar shugaban da ta sarkin kasuwar Tasawa, bayan na nemi izininsu.